Tambayoyi da Amsoshi a kan Kalmar "Notwithstanding" da Yadda Ake Sa Ta a Jumlar Ingilishi

Duk wanda ya taɓa karanta takardar yarjejeniya, ko kundin tsarin mulki, ko wata tsohuwar wasiƙar hukuma da aka rubuta da Ingilishi, da wuya a ce bai yi karo da kalmar "notwithstanding" ba. Doguwar kalma ce mai haruffa 15 wadda ba kasafai ake jin ta a bakin masu hira ba, amma ta yi kaka-gida a rubutun shari'a tun ƙarnuka masu yawa da suka wuce. Tambayoyin da ke biye irin waɗanda masu koyon harshen da masu aikin fassara kan yi ne idan suka gamu da ita.

Mece ce ma'anar "notwithstanding"?

Ma'anarta ita ce "duk da", ko kuma "duk da haka" idan ta tsaya ita kaɗai. Aikinta shi ne ta nuna cewa akwai wani abu da ya isa ya hana wani al'amari aukuwa, amma bai hana ba. Idan aka rubuta "Notwithstanding the storm, the ship left the harbour", ana nufin cewa duk da guguwar da ake yi, jirgin ruwan ya bar tashar. Guguwa dalili ne mai ƙarfi na fasa tafiya, sai dai a wannan karon ba ta tsayar da kowa ba.

Saboda haka kowace jumla da ke ɗauke da wannan kalma tana da abubuwa biyu da suka yi karo da juna, ɗaya ya yi rinjaye, ɗaya kuma ya sha kaye. Sunan da ke manne da kalmar, ko yana gabanta ko yana bayanta, shi ne wanda ya sha kayen. Mai karatun da ya riƙe wannan ƙa'ida zai iya warware jumlar lauya komai tsawonta, domin abin da zai fara nema shi ne sunan da kalmar ta kama, daga nan ya san cewa wannan abu ba shi ne ke da ta cewa a jumlar ba.

Me ya sa take kama da kalmomi uku da aka liƙa wuri guda?

Domin kuwa haka aka gina ta. Akwai "not" mai kore magana, sannan akwai aikatau "withstand" mai ma'anar yin tsayin daka a gaban wani abu ko jure masa, wanda shi ma haɗin "with" ne da "stand". Abin da kan rikita mai koyo shi ne ya san "with" da ma'anar "tare da", alhali a tsohon Ingilishi ma'anarta ta farko ita ce "gaba da" ko "kishiyar". Da wannan tsohuwar ma'ana aka ƙera "withstand", wato tsayawa a gaban abu don a tare shi. Idan aka haɗa duka, kalmar tana cewa ne abin da aka ambata bai tare hanya ba.

Turawan Ingila ba su ƙirƙiro wannan gini da kansu ba. Sun kwaikwayi furucin Latin "non obstante" ne, suka juya shi zuwa harshensu gaɓa da gaɓa, kuma kalmar ta fara bayyana a rubutun Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14. A Latin "non" na nufin "ba", aikatau "obstare" kuma na nufin tsayawa a gaban mutum a tare masa hanya, kuma daga wannan tushe ne kalmar "obstacle" mai ma'anar cikas ta fito. Faransanci ma yana da tasa, wato "nonobstant", wadda ita ma a yau ta fi zama a bakin lauyoyi.

Yaya aka yi ta zama kalmar shari'a?

Tun asalinta ta shari'a ce. Ofishin Paparoma a Rum ya saba sa "non obstante" a takardun da ke bai wa wani izinin yin abin da wata doka ko umarni na baya ya hana, kamar a ce an yarje wa wane kaza, duk da hanin da ya gabata. Sarakunan Ingila sun ari wannan dabara tun zamanin Sarki Henry na Uku, wanda ya yi mulki daga 1216 zuwa 1272, suka riƙa ba da takardun da ke keɓe wasu mutane daga bin dokar da ta hau kan kowa. Wannan iko ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce tsakanin fada da majalisa, har ya zama ɗaya daga cikin laifukan da aka lissafa wa Sarki James na Biyu, wanda ya yi amfani da shi wajen naɗa mabiya ɗariƙar Katolika a muƙaman da doka ta hana su, ya kuma rasa gadon sarauta a 1688. Dokar 'yanci da majalisar Ingila ta zartar a 1689 ta ambaci furucin "non obstante" da sunansa, ta ce daga lokacin ba a yarda a keɓe kowa daga wata doka ta wannan hanya ba, sai idan dokar ce da kanta ta ba da damar hakan.

Akwai kuma dalilin harshe. Bayan da mutanen Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci da Latin suka zama harsunan kotu da na rubutun hukuma na tsawon lokaci. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara a kotu da Ingilishi, amma aka ci gaba da ajiye bayanan shari'a da Latin har sai da wata doka ta 1730 ta wajabta Ingilishi, wadda ta fara aiki a 1733. A tsawon wannan zamani lauyoyi sun riƙa juya furucin da suka saba da shi zuwa Ingilishi ba tare da sun sauya gininsa ba, shi ya sa harshen shari'arsu ya cika da irin waɗannan kalmomi masu jikin Ingilishi da ƙashin Latin.

A wane wuri take zama a cikin jumla?

Tana da mazauni huɗu, kuma wannan yalwa ita ce babban abin da ya bambanta ta da takwarorinta.

Mazauni na farko, wanda aka fi gani, shi ne gaban suna. Misali, "Notwithstanding his age, he was chosen to lead the expedition", wato duk da shekarunsa, shi aka zaɓa ya jagoranci tafiyar. A nan tana aiki daidai da "despite", kuma ana iya musanya su ba tare da an taɓa komai a jumlar ba.

Mazauni na biyu shi ne bayan suna: "His age notwithstanding, he was chosen to lead the expedition." Ma'anar ba ta sauya ko kaɗan ba. Wannan gini yana ba masu koyo mamaki saboda Ingilishi ba shi da kalmomi da yawa da ke bin bayan sunan da suke aiki a kansa, sanannen misalinsu shi ne "ago" a cikin "three years ago". Amma idan aka tuna asalin kalmar, sai a ga cewa wannan mazauni ne ya fi dacewa da ma'anarta ta farko, domin abin da ake cewa shi ne shekarunsa ba su tare hanya ba, shekarun su ne masu aikin tarewar da ba ta yi nasara ba. A ganina, a rubutun da ba na kotu ba, kamar sharhin jarida ko maƙala, wannan ne mazaunin da kalmar ta fi yin kyau, saboda yana barin sunan ya fara shiga kunnen mai karatu kafin a sanar da shi cewa an ture shi gefe.

Mazauni na uku shi ne inda take tsayawa ita kaɗai a matsayin bayanau, galibi a ƙarshen jumla, ba tare da wani suna a jikinta ba. Misali, "The engineers warned that the bridge was weak, the army crossed it notwithstanding." Injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa gadar ba ta da ƙwari, amma duk da haka rundunar ta haye ta. Abin da ya sha kaye a nan shi ne maganar da ta gabata gaba ɗayanta. Wannan salo ya fi sauran jin tsufa, kuma marubucin yau zai fi sa "nevertheless" ko "anyway" a wurin.

Na huɗu shi ne inda take zama mahaɗi, ta ɗauki "that" sannan cikakkiyar magana mai aikatau ta biyo baya, kamar "The sale is valid notwithstanding that the buyer signed late", wato cinikin ya inganta ko da yake mai saye ya makara wajen sa hannu. Wasu kan ƙara tsawaita shi su ce "notwithstanding the fact that", kalmomi huɗu masu nauyi da ke yin aikin da "although" ita kaɗai za ta yi.

Shin sauya mata wuri yana iya sauya ma'anar jumla?

Idan suna ɗaya ne kawai a kusa da ita, ba ya sauyawa. "Notwithstanding the objections, the committee approved the plan" da "The committee approved the plan, the objections notwithstanding" duk abu ɗaya suke faɗa, wato kwamitin ya amince da shirin duk da ƙorafe-ƙorafen da aka yi. Matsala tana tasowa ne idan kalmar ta faɗo tsakanin sunaye biyu, domin tana iya kama na gabanta, tana kuma iya kama na bayanta, kuma waƙafi ne kaɗai ke raba gardama.

A duba waɗannan jumloli biyu masu kalmomi iri ɗaya a jere iri ɗaya. Ta farko ita ce "Section 4 notwithstanding, section 9 applies." A nan kalmar ta kama sashe na 4, saboda haka shi ne ya sha kaye, sashe na 9 ne za a bi. Ta biyu ita ce "Section 4, notwithstanding section 9, applies." Yanzu ta kama sashe na 9, kuma sashe na 4 ne ya yi rinjaye. Idan mai buga takarda ya manta waƙafin, ko ya sa shi inda bai dace ba, hukuncin ya juye gaba ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu tsara dokoki da suka san aikinsu suke fara jumla da kalmar, su biyo ta da lambar sashen da ake nufi, sannan su sa waƙafi kafin su ci gaba.

Ana cewa "notwithstanding of"?

A Ingilishin yau ba a cewa haka. Kalmar tana kama sunanta kai tsaye, kamar yadda "despite" take yi. Kuskuren yana zuwa ne daga kwaikwayon "in spite of" da "regardless of", waɗanda su dole ne a sa musu "of".

Waɗanne kurakurai ne kuma ya kamata a kiyaye?

Na farko shi ne raba ta gida biyu a rubutu. "Not withstanding" a rabe wani abu ne dabam, domin yana mayar da kalmar aikatau na sosai. Jumlar "The wall is not withstanding the flood" tana nufin katangar ba ta iya jure wa ambaliyar, kuma babu wani "duk da" a cikinta.

Na biyu, wanda ya fi muni saboda ya shafi tunani, shi ne sa ta a inda babu wani cikas. Wanda ya rubuta "Notwithstanding the good rains, the harvest was large" ya yi tuntuɓe, domin ruwan sama mai kyau ba ya hana amfanin gona yin yawa, shi ne ma sanadinsa, kuma abin da ya dace a wurin shi ne "because of" ko "owing to". Irin wannan kuskure yakan faru ne idan marubuci ya ɗauki kalmar a matsayin ado, ya sa ta don jumlarsa ta yi kwarjini. Gwajin mai sauƙi ne. A juya jumlar zuwa Hausa da "duk da", idan ta fito kamar "duk da ruwa mai kyau da aka samu, amfanin gona ya yi yawa", kunne da kansa zai ƙi ta.

Na uku shi ne biyo ta da cikakkiyar magana ba tare da "that" ba, kamar "Notwithstanding he was ill, he attended." Ana samun wannan a tsofaffin rubuce-rubuce, amma mai karatu na yanzu zai ji kamar an tsallake wata kalma. Gara a ce "Notwithstanding his illness" ko kuma a koma ga "Although he was ill".

Mene ne bambancinta da "despite", "although", "nevertheless" da "regardless of"?

Kowace daga cikinsu tana rufe ɓangare ɗaya ne na aikin da "notwithstanding" take yi. "Despite" da "in spite of" suna zama a gaban suna kaɗai, ba sa bin bayansa, ba sa kuma tsayawa su kaɗai. "Although" tana buƙatar cikakkiyar magana mai aikatau, saboda haka ana cewa "although it rained" amma ba a cewa "although the rain". "Nevertheless" da "nonetheless" bayanau ne, suna waiwayar maganar da ta wuce, kuma ba sa ɗaukar suna. Ita kuwa "regardless of" ma'anarta ta ɗan karkata, domin tana nuna cewa ba a ma dubi abin ba, ko yana nan ko ba ya nan duk ɗaya ne, kamar a ce za a karɓi kowa "regardless of age". "Notwithstanding" tana amsa cewa cikas ɗin yana nan, an gan shi, an auna shi, sannan aka wuce.

Wani abin lura game da "despite" shi ne asalinta daga tsohon Faransanci yake, daga kalmar da ke nufin raini, wadda ita kuma ta fito daga aikatau na Latin mai ma'anar kallon abu daga sama. Wato a farkon al'amari wanda ya yi abu "in despite of" wani, ya yi shi ne cikin raina shi. Wannan ɗaci ya gushe tuntuni, kuma a yau "despite" ita ce kalmar da ba ta da nauyi a kan kowane irin rubutu.

Yaya lauyoyi suke amfani da ita a yarjejeniya, kuma mene ne alaƙarta da "subject to"?

A takardar yarjejeniya aikinta shi ne ta faɗi wane sashe ne ke sama da wane idan suka ci karo. A ɗauka sashe na 3 na wata yarjejeniyar haya ya ce mai haya zai biya kuɗi a ranar farko ta kowane wata. Sai sashe na 8 ya zo ya ce: "Notwithstanding clause 3, no rent is payable for any month in which the building is unfit for use." Ma'anarsa ita ce duk da abin da sashe na 3 ya tanada, babu biyan haya a duk watan da ginin bai zaunu ba. Sashe na 3 bai mutu ba, yana nan yana aiki a sauran watanni, amma a inda suka haɗu da sashe na 8, shi ne zai ja da baya.

"Subject to" kishiyarta ce, kuma rikita su babban haɗari ne. Sashen da ya fara da "notwithstanding" yana ɗaga kansa ne sama da wanda ya ambata, wanda kuma ya fara da "subject to" yana sunkuyar da kansa ne a ƙarƙashin wanda ya ambata. Don haka ana iya cimma manufa ɗaya ta hanya biyu, ko dai a rubuta "Notwithstanding clause 3" a farkon sashe na 8, ko kuma a rubuta "Subject to clause 8" a farkon sashe na 3. Hanya ta biyu ta fi yi wa mai karatu adalci, domin tana faɗakar da shi tun yana kan ƙa'idar cewa akwai togaciya a gaba, maimakon ya karanta sashe na 3 ya tafi da yaƙinin cewa ya gama fahimta, sai bayan shafuka ya tarar an warware masa. Akwai kuma furuci na uku, "without prejudice to", wanda ke nufin sashen da ake rubutawa bai rage komai daga ƙarfin wanda aka ambata ba, kowanne yana nan a kan ƙafarsa.

Me ake nufi da "notwithstanding the foregoing" da "notwithstanding anything to the contrary"?

Na farko yana nufin duk da abin da aka faɗa a baya, na biyu kuma yana nufin duk da wani abu da ya saɓa wa wannan, a ko'ina yake. Dukansu sun yi yawa a yarjejeniyoyi, kuma dukansu suna da aibi iri ɗaya, wato ba sa nuna takamaiman abin da suke turewa. "The foregoing" yana iya zama jumlar da ta gabata, ko sakin layin gaba ɗaya, ko duk abin da aka rubuta tun shafin farko. Shi kuwa "anything to the contrary" yakan zama mafakar lauyan da bai zauna ya binciko sassan da suka yi karo da nasa ba, sai ya yi musu kuɗin goro. Idan aka yi rashin sa'a sassa biyu na takarda ɗaya kowanne ya fara da wannan furuci, kuma suka saɓa wa juna, to kowanne ya yi iƙirarin shi ne babba, sai alƙali ya koma ga ƙa'idojin fassara na gaba ɗaya, irin su fifita tanadin da ya keɓanci batun a kan wanda ya yi magana a dunƙule. Maganin abin shi ne a ambaci lambar sashen da ake nufi.

Akwai sanannun takardu da kalmar ta taka rawa a cikinsu?

Akwai, kuma biyu sun fi fice. Kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a Filadelfiya a 1787, ya ce a sashensa na 6 cewa kundin da dokokin tarayya da yarjejeniyoyin da ƙasar ta ƙulla su ne dokar ƙoli, kuma alƙalan kowace jiha dole su bi su, sannan ya rufe jumlar da "any Thing in the Constitution or Laws of any State to the Contrary notwithstanding". Wannan misali ne na mazauni na biyu, inda kalmar ta biyo bayan wani dogon yankin suna, kuma abin da ya sha kaye shi ne dokokin jihohi.

A Kanada kuwa kalmar ta zama sunan wani sashe sukutum. Kundin haƙƙoƙi da 'yanci na ƙasar, wanda ya fara aiki a 1982 zamanin Firayim Minista Pierre Trudeau, yana da sashe na 33 da kowa ke kira "the notwithstanding clause". An sa shi ne a matsayin sasantawa da shugabannin larduna a tattaunawar Nuwamba 1981, domin wasunsu sun ji tsoron kada alƙalai su fi zaɓaɓɓun majalisu iko. Sashen ya bai wa majalisar tarayya ko ta lardi damar ta bayyana ƙarara a cikin wata doka cewa dokar za ta yi aiki duk da sashe na 2, mai kare 'yancin addini da faɗin albarkacin baki da taro, ko sassa na 7 zuwa 15, masu kare haƙƙin mutum a gaban shari'a da daidaito. Bai shafi 'yancin zaɓe ko haƙƙoƙin harshe ba, kuma sanarwar tana faɗuwa bayan shekara 5 sai idan an sabunta ta. Lardin Kebek ya yi amfani da shi a 1988 a kan dokar da ta shafi harshen allunan kasuwanci, ya kuma sake yin haka a 2019 a dokar da ta hana wasu ma'aikatan gwamnati, irin su malaman makaranta da 'yan sanda, sa alamomin addini a bakin aiki.

Mene ne "judgment notwithstanding the verdict"?

Furuci ne na kotunan Amurka, fassarar Latin "non obstante veredicto". Yana nufin hukuncin da alƙali ya yanke saɓanin matsayar masu taya shi shari'a, idan ya ga cewa hujjojin da aka gabatar ba za su iya ɗaukar matsayar tasu ba. Kotunan tarayya sun sauya masa suna a 1991 zuwa "judgment as a matter of law", amma kotunan jihohi da dama suna nan da tsohon sunan.

Shin kalmar ta tsufa har ya kamata a daina amfani da ita?

Ta tsufa a baki, amma ba ta mutu a rubutu ba. An daɗe ana fafutukar sauƙaƙa harshen hukuma a ƙasashen da ke magana da Ingilishi. A Birtaniya, Chrissie Maher ta kafa ƙungiyar Plain English Campaign a 1979, kuma ta ƙaddamar da ita ne da yayyaga takardun gwamnati masu wuyar fahimta a dandalin da ke gaban majalisa a Landan. A 1999 kotunan Ingila da Wales suka sauya wasu tsofaffin kalmomi, "plaintiff", wato mai ƙara, ya koma "claimant", "writ" kuma, wato takardar shigar da ƙara, ya koma "claim form". A Amurka, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a 2010 a kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya yi wa jama'a rubutu da harshe mai sauƙi. Masu wannan ra'ayi suna ba da shawarar a sa "despite" a madadin "notwithstanding", kuma a mafi yawan wurare suna da gaskiya.

Ga mai koyo, shawarata ita ce ya san ta sosai don karatu, ya kuma yi tsumulmularta a rubutu. A wasiƙar neman aiki ko saƙon ofis na yau da kullum, "despite" ta wadatar, kuma wanda ya jera "notwithstanding" sau uku a shafi ɗaya zai yi kama da mai neman burgewa. A hira kuwa, idan aka ji ta daga bakin wanda harshen nasa ne, sau da yawa da gangan ya ɗauko ta don raha.

Yaya ake furta ta?

Gaɓoɓinta huɗu ne, "not", "with", "stand" da "ing", kuma a kan ta uku ake danna murya.

Yaya ya fi dacewa a juya ta zuwa Hausa?

A rubutu na gama-gari "duk da" ta isa idan akwai suna, "duk da cewa" ko "ko da yake" idan cikakkiyar magana ce ta biyo baya, "duk da haka" kuma idan kalmar ta tsaya ita kaɗai. Abin da mai fassara zai kula da shi shi ne "duk da" ba ta bin bayan suna, saboda haka idan ya tarar da mazauni na biyu dole ya juya jerin. "The delay notwithstanding" zai zama "duk da jinkirin da aka samu", kuma idan yankin sunan dogo ne, sai ya koma baya ya gano inda ya fara kafin ya sa "duk da" a gabansa.

A rubutun shari'a ana yawan ganin "ba tare da la'akari da" a matsayin fassararta. Ina ganin wannan ya fi kusa da "regardless of", kuma yana iya sa mai karatu ya zaci an jefar da sashen da aka ambata gaba ɗaya, alhali yana nan da ransa a duk inda babu karo. "Duk da tanadin sashe na 3" ya fi riƙe ma'anar, "subject to clause 8" kuma sai a ce "bisa sharaɗin abin da sashe na 8 ya tanada". Idan kuwa furucin na dunƙule ne, wanda ke magana a kan saɓanin da mai yiwuwa akwai shi, mai yiwuwa kuma babu, to "ko da kuwa" ta fi "duk da" dacewa, domin "duk da" tana tabbatar da cewa abin ya auku. A kan haka, ƙarshen waccan jumla ta kundin Amurka zai fito kamar haka: alƙalan kowace jiha dole ne su bi wannan doka, ko da kuwa akwai wani abu a tsarin mulki ko dokokin wata jiha da ya saɓa mata.